Simintin Jiyofolima: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Yake Kamawa Ya Yi Tauri

Duk magini ya san siminti ruwa yake so. A kwaɓa shi da ruwa, a zuba, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙarfi. To akwai wani nau'in siminti da wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba, shi ne jiyofolima. Ana yawan ambatonsa idan ana zancen gini mai rage gurɓata iska, amma ba kasafai ake bayyana abin da ke faruwa a cikin kwaɓin ba, alhali kuwa alfanunsa da matsalolinsa duk daga can suke fitowa. Ga tambayoyin da magina da ɗaliban injiniya da masu buga bulo suka fi yi a kansa.

Mene ne jiyofolima, kuma da me ake yin sa?

Abu biyu ake haɗawa. Na farko gari ne mai ɗauke da silikon da alminiyom da yawa. Na biyu ruwa ne mai tsananin kaifi, wanda aikinsa shi ne ya cinye garin nan ya tayar da shi.

Garin da aka fi amfani da shi iri uku ne: tokar kwal da ake tarewa a bututun hayaƙin tashoshin lantarki, da kashin maƙera na manyan masana'antun narka ƙarfe wanda aka sanyaya da ruwa aka niƙa, da farin yumɓun kawolin da aka gasa. Ruwan kaifin kuma yawanci soda ce, ita dai sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, a gauraye da ruwan silikat, wani sinadari mai yauƙi da ake samu daga narkakken yashi. Idan aka zuba yashi da tsakuwa a ciki, an sami kankare ke nan. Babu ko cokali ɗaya na simintin buhu a ciki.

Kafin a je nan, shi simintin buhu ta yaya yake kamawa?

Simintin da muka saba da shi, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa da yumɓu, a ƙona su a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,450. Idan garinsa ya haɗu da ruwa, ruwan yakan shige cikin jikinsa ya zama wani ɓangare nasa. Daga nan wasu siraran zaruruwa suke tsirowa daga kowace ƙwayar siminti, su sarƙe da na maƙwabciyarta, su riƙe yashi da tsakuwa. Masana na kiran wannan abu C-S-H, kuma kalsiyom ne ginshiƙinsa.

Siminti yakan shanye ruwan da ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya riƙe shi har abada. Dalilin ban ruwa ke nan. Bulon da ya bushe da wuri aikinsa ya tsaya a rabi, shi ya sa yake marmashewa a hannu.

To shi jiyofolima me ke faruwa a cikin kwaɓinsa?

Aikin yana tafiya ne kamar yadda ake rushe tsohuwar katangar ƙasa, a jiƙa ƙasarta, a sake dunƙula tubali da ita: sai an wargaza tukuna sannan a gina.

Mu ɗauki tokar kwal. Idan aka duba ta da madubin ƙara girma, ƙananan ƙwallaye ne na gilas, sumul-sumul, mafi yawansu ba su kai kaurin gashin kai ba. Ruwan famfo ba ya yi musu komai. Amma da zarar ruwan soda ya taɓa su, sai ya fara cin bayansu. Yana tsinka mahaɗin da ke tsakanin silikon da oksijin da alminiyom, guntayen su riƙa zubowa cikin ruwan. Hotunan da ake ɗauka bayan 'yan sa'o'i sukan nuna ƙwallon ya huje, wani ma a hango ƙananan ƙwallaye a cikin cikinsa, su ma ruwan ya fara cin su. Wannan shi ne matakin narkewa, kuma a lokacin kwaɓin yana nan da laushinsa.

Guntayen da suka zubo ba su da girma: kowane ɗaya ƙwayar silikon ce ko ta alminiyom, da ƙwayoyin oksijin huɗu kewaye da ita. Idan suka yi yawa a cikin ruwan har ya ƙoshi, sai su fara kama hannun juna. Biyu su haɗu, su zama uku, su zama zobe, zobba su haɗu su zama dunƙule. A nan ne kwaɓin yake yin kauri ya daina bin cokalin magini. Abin da magini ke kira kamawa ke nan. Dunƙulen farko alminiyom ya fi yawa a cikinsa, don shi ya fi saurin narkewa.

Bayan haka aikin ba ya tsayawa. Silikon yana ci gaba da narkewa yana shiga, dunƙulen yana sake tsara kansa, mahaɗai suna ƙaruwa ta sama da ƙasa da kowane gefe, har abin ya zama raga guda mai tauri wadda ta game ko'ina. Ƙarfin gaske daga wannan mataki yake zuwa. Sodiyom ɗin da ya zo cikin soda shi ma yana da gurbinsa: duk inda alminiyom ya zauna a ragar yakan bar giɓin caji, sodiyom ne ke zama kusa ya cike shi. Sunan wannan raga a wurin masana N-A-S-H. A tsarinta ta fi kusa da gilas da wasu duwatsu fiye da simintin buhu.

Waɗannan matakai ba layi suke bi ɗaya bayan ɗaya ba. A lokaci guda wani ƙwallon yana narkewa, a gefensa kuma raga ta riga ta kafu. Wani lokaci ma ragar takan lulluɓe ƙwallon da bai gama narkewa ba ta hana ruwan soda isa gare shi, sai ya zauna a ciki a matsayin ciko.

Ruwan da aka kwaɓa da shi fa, ina yake tafiya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so magina su riƙe. Duk lokacin da guntaye biyu suka haɗu, ƙwayar ruwa ɗaya suke saki. Wato ruwan ya yi aikin dako ne kawai: ya narkar, ya kai guntayen inda za su haɗu, sannan aka sallame shi. Yakan zauna a cikin ƙananan ƙofofin kankaren, daga baya ya fita a hankali.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushi ɓarna ce babba, domin yana sirka kaifin sodar, kuma duk ruwan da ya fita rami yake bari. Na biyu, ba a yi masa ban ruwa irin na bulo. Wanda ya kama kwarara wa sabon jiyofolima ruwa, sodar da ba ta gama aiki ba yake wankewa. Abin da yake bukata shi ne a rufe shi ruf da leda, don kada ruwan cikinsa ya tsere kafin ragar ta kafu. Idan iskar hunturu ta buge shi a buɗe, fuskarsa takan tsattsage ta yi gari.

Awa nawa yake ɗauka kafin ya kama?

Babu amsa ɗaya, don ya danganta da garin da kuma zafi.

Tokar kwal mai ƙarancin kalsiyom tana da nawa ƙwarai. A wuri mai sanyi takan wuni ta kwana ba ta kama ba. Shi ya sa ake dumama ta, galibi a zafin digiri 60 zuwa 80 na tsawon awa 24. Binciken da aka yi a Jami'ar Curtin da ke Ostareliya a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa kankaren da aka dumama haka yakan sami mafi yawan ƙarfinsa a wannan kwana ɗaya, ba sai an jira kwana 28 da aka saba ba. Ga masana'antar da ke zuba kwalbati ko falanki a cikin rumfa, wannan riba ce. Ga mai zuba dakin a fili kuwa matsala ce, don ba a sa bene a tanderu.

Kawolin da aka gasa ya fi saurin amsawa, yakan kama a zafin ɗaki. Sai dai ƙwayoyinsa fale-fale suke, suna shan ruwa da yawa, kwaɓin ya yi danƙo.

Kashin maƙera shi ne mai gaggawa, saboda kalsiyom ɗin da ke cikinsa. Kalsiyom yana narkewa da wuri ya kafa wani dunƙule mai kama da na simintin buhu, wanda ke ba kwaɓin ƙarfin farko ba tare da dumamawa ba. Saboda haka kusan duk kankaren jiyofolima da ake zubawa a filin gini gauraye ne na tokar kwal da kashin maƙera. Wasu masana ma suna ganin idan kalsiyom ya yi yawa bai kamata a kira abin jiyofolima ba, amma a kasuwa sunan ɗaya ne.

Me ke sa wani kwaɓin ya sandare tun yana cikin inji?

Kalsiyom ya yi yawa, ko silikat ya yi yawa, ko rana ta yi zafi, ko kuma an zuba ruwan soda tun bai huce ba. Kwaɓi irin wannan yana iya kamawa cikin 'yan mintuna. Abin da ya ƙara wahalar shi ne magungunan da ake zuba wa kankaren yau da kullum don ya yi laushi ko ya jinkirta kamawa, yawancinsu ba sa aiki sosai a cikin ruwa mai kaifi haka. Dole kowane sabon haɗi a gwada shi kaɗan tukuna, a zafin wurin da za a yi aikin.

Yana kai simintin buhu ƙarfi?

Yana kaiwa. Haɗin da aka auna da kyau yana ba da megafaskal 30 zuwa 60 (ma'aunin ƙarfin kankare ke nan) ba tare da wahala ba, wanda ya isa ginshiƙi da dakin. Ma'aunin da ya fi tasiri shi ne yawan silikon a kan alminiyom, kuma an fi samun ƙarfi idan silikon ya kusa ninka alminiyom sau biyu. Matsalar ita ce tokar wannan tasha ba ɗaya take da ta waccan ba, kai ko a tasha ɗaya takan canza idan an canza kwal. Buhun siminti kuwa duk inda ka saye shi kusan halinsa ɗaya.

Wani farin abu yakan fito a jikinsa kamar gishiri. Mene ne?

Sodar da ta yi saura ce. Danshi yana jawo ta zuwa fuskar bango, ta haɗu da iskar kabon, ta zama farin gari ɗan'uwan kanwa. Alama ce ta cewa an zuba soda fiye da abin da garin zai iya ci, ko kuma ragar ba ta kafu sosai ba. Rage soda, dumamawa, da ƙara gari mai alminiyom duk suna rage shi. Ba a raina shi, domin idan gishirin ya taru a ƙarƙashin fatar kankaren yana iya ɓantare ta.

An ce wuta ba ta cin sa. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Simintin buhu ruwa ne a cikin ƙashinsa, don haka idan gobara ta kai digiri 500 ya fara rushewa daga ciki. Ragar jiyofolima mai ƙarancin kalsiyom ba ta dogara da ruwa ba, tana iya jure digiri 800 ko fiye. Amma tsakuwar da ke ciki tana kumbura da zafi, rodi kuma yana laushi, saboda haka ginin gaba ɗaya yana da iyakarsa.

Inda ya fi burge ni shi ne bututun ƙazanta. A can ƙwayoyin cuta suna samar da asid mai cin kalsiyom, har bututun kankare ya zaizaye. Jiyofolima mai ƙarancin kalsiyom ya fi daɗewa a irin wannan wuri nesa ba kusa ba.

Rodi fa, ba ya tsatsa a cikinsa?

Kaifin ruwan da ke cikin ƙofofin kankare shi ke kare rodi daga tsatsa, kuma sabon jiyofolima yana da wannan kaifi. Abin lura shi ne simintin buhu yana da ajiyar kalsiyom da ke riƙe kaifin shekara da shekaru, shi kuwa jiyofolima na toka zalla ba shi da wannan ajiya. Idan yana da ƙofofi da yawa, ruwan sama zai iya wanke sodar, iskar kabon kuma ta shige. Haɗin da ke da kashin maƙera ya fi matsewa, ya fi kare rodi, sai dai shi kuma ya fi tsukewa idan yana bushewa.

Sabon abu ne?

A'a. Wani masani a Beljiyom mai suna Purdon ya wallafa gwajin kashin maƙera da soda tun 1940, aka kuma yi gine-gine da simintinsa a Brussels a shekarun 1950. A waɗancan shekarun ne Viktor Glukhovsky ya fara nasa aikin a birnin Kiyef na Yukren, kuma daga bincikensa aka gina gidaje da hanyoyi da magudanan ruwa a Tarayyar Sobiyet, har da bene mai hawa sama da 20 a Lipetsk ta Rasha. Wanda ya raɗa sunan jiyofolima a ƙarshen shekarun 1970 shi ne Joseph Davidovits, Bafaranshe, wanda munanan gobarar da aka yi a Faransa a farkon shekarun suka sa shi neman abin da wuta ba ta ci. Ya kafa cibiyarsa a Saint-Quentin a 1979.

A wannan zamanin an yi babban aiki da shi?

Ostareliya ce kan gaba. A 2013 an buɗe wani bene a Jami'ar Queensland da ke Brisbane wanda falankan dakinsa 33 na jiyofolima ne. A 2014 kuma aka buɗe filin jirgin sama na Wellcamp kusa da Toowoomba, inda kamfanin Wagners ya zuba kimanin kubik mita 40,000 na irin wannan kankare, mafi yawansa a wuraren da jirage ke juyawa da tsayawa. Haɗin tokar kwal da kashin maƙera ne, kuma a fili ya kama, ba a dumama shi ba.

Da gaske yana rage gurɓata iska?

Duniya tana yin siminti kusan tan biliyan 4 a shekara, kuma wannan sana'a ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen yake fita: idan aka ƙona kilo 100 na dutsen farar ƙasa, kilo 44 iska yake zama. Ko da hasken rana aka hura tanderun, wannan kason yana nan. Jiyofolima ba ya ƙona wannan dutse, a nan ribarsa take.

Amma a yi hattara da alƙaluman talla. An sha cewa yana rage kashi 80 cikin ɗari. Wani bincike na Ostareliya a 2011 ya sami ragin kashi 44 zuwa 64, wani kuma a Jami'ar Monash a 2013 ya sami kashi 9 kacal. Abin da ya raba su shi ne ruwan kaifin. Silikat ana yin sa ne ta narka yashi da wani garin soda ɗan'uwan kanwa a zafin da ya kusa na tanderun siminti, soda kuma lantarki mai yawa take ci. A ƙara da makamashin dumamawa da kuɗin dakon kaya daga nesa. Haɗin da aka cika wa silikat, aka dumama da gas, aka kawo tokarsa daga wata ƙasa, ribarsa kaɗan ce. A ganina duk wanda ya ce kankarensa na kare muhalli ne, a tambaye shi kilo nawa na silikat ya zuba a kowace kubik mita, kuma daga ina garinsa ya zo.

Akwai kuma batun samuwar garin. Ƙasashe suna rufe tashoshin kwal, Birtaniya ta rufe ta ƙarshe a 2024, kashin maƙera kuwa kamfanonin siminti sun riga sun saye mafi yawansa suna gaurayawa a nasu. Shi ya sa hankali ke komawa kan yumɓu.

Ruwan kaifin nan ba shi da haɗari?

Yana da shi sosai. Ana narka giram 320 zuwa sama da 500 na soda a kowace lita, wanda ya isa ya ƙona fata ya makantar da ido. Mai kwaɓi yana bukatar safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe gefe, da takalmin ruwa. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, domin zafin da ke tashi yana iya sa shi tafasa ya fantsamo. A haɗa shi tun jiya ya huce. Kada a sa shi a tukunyar alminiyom, yana cin ta ya fitar da iska mai kama wuta. Leburan da ya saba shiga kwaɓi da silifa ba zai yi haka a nan ba, kuma hakkin mai aikin ne ya ba shi kayan kariya kafin ya miƙa masa shebur.

Saboda wannan ne ake ƙoƙarin yin nau'in da sinadarin kaifin yake a bushe cikin garin, a zuba ruwa kawai.

Kanwa ko ruwan toka ba za su iya maye gurbin soda ba?

Kaifinsu bai kai ya narka tokar kwal ko gasasshen kawolin ba. Sinadarin da ke cikin kanwa yana iya tayar da kashin maƙera, amma a hankali ƙwarai, kwaɓin yakan yi kwanaki kafin ya yi tauri.

A Najeriya da Nijar za a iya yin sa?

Da irin haɗin Ostareliya, da wuya. Najeriya ba ta da manyan tashoshin lantarki na kwal, kuma babban tanderun Ajaokuta da zai ba da kashin maƙera bai taɓa aiki ba. A Nijar akwai tashar kwal ta SONICHAR kusa da Agadas, amma tana da nisa da manyan garuruwan kudu.

Abin da ke hannu shi ne yumɓu da ɓuntu. Akwai kawolin a Ƙanƙara ta Katsina da Alkaleri ta Bauchi. Gasa shi digiri 600 zuwa 800 yake bukata, kusan rabin zafin tanderun siminti, kuma tururin ruwa yake fitarwa daga jikinsa. Sai dai gashin yana son lura: idan bai kai ba yumɓun ba ya amsa soda, idan kuma ya doshi digiri 1,000 ya mutu. Ɓuntun shinkafar da ke tule a bayan injinan casa na Kano da Kebbi da Jigawa, idan aka ƙona shi a hankali ƙasa da digiri 700, tokarsa kusan kashi 90 cikin ɗari silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, kuma tana narkewa a ruwan soda mai ɗumi ta ba da silikat ba tare da tanderu ba. Wannan yana taɓa daidai wurin da tsada da hayaƙin suke. A Kamaru masu bincike sun daɗe suna gwada tokar dutse mai aman wuta da jar ƙasa ta marmara. Zafin bazara ma taimako ne, don bulon da aka lulluɓe da baƙar leda a rana yana samun wani kaso na ɗumin da wasu ƙasashe ke saye da gas.

To me ya hana a gan shi a kasuwa?

Ƙa'idojin gini na yawancin ƙasashe an rubuta su ne a kan simintin buhu, injiniya kuma ba ya sa hannu a kan abin da ƙa'ida ba ta sani ba. Birtaniya ta fitar da nata jagoran a kan irin wannan siminti a 2016, Ostareliya a 2023. Ga tsadar soda da silikat, ga bambancin gari daga wuri zuwa wuri, ga kuma kamfanonin siminti irin na Obajana da Ashaka da Kalambaina da Malbaza da buhunsu ke isa kowane ƙauye.

Mai son farawa ya fara da abin da ake bugawa a rumfa ɗaya ƙarƙashin ido ɗaya, inda za a iya auna komai da sikeli: bulon daɓe, tubalin katanga, murfin kwata. Ya kai samfur ɗakin gwaji a matse shi a kwana 7 da kwana 28, ya jiƙa wani a ruwa ya ga ko zai yi laushi ko ya fitar da farin gishiri. Ginshiƙi da dakin da linta kuwa, waɗanda rayukan mutane ke ƙarƙashinsu, sai da lissafin injiniya da sakamakon gwaji a hannu.